Na Tura wa Yayana Muryar Matarsa

Assalamu alaikum Hajiya, da ku masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana. Na san wasu za su zage ni, kuma na cancanta, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk sunayen da ke ciki na canza su.

Ni budurwa ce, a Sakkwato nake, na gama karatu ban sami aiki ba. Wata malamar asibiti mai gasa ƙashi, zan kira ta Malama Rifkatu, ta ɗauke ni aikin wucin gadi a wani bincike da take yi. Tana zama da iyayen yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa, tana tambayarsu yadda yaran ke koyon cin abinci da kansu, da sa kaya, da wanka, da zuwa bayan gida. Hira ce doguwa, uwa ta yi ta magana ana naɗa. Aikina in saurara a gida, in rubuta kalma bayan kalma, in mayar Turanci. Babu suna, lamba ce kawai. Ranar farko a ofishinta da ke Sama Road ta sa na sa hannu a takarda, ta ce, “Ƙanwata, matan nan sun gaya mini abin da ba su gaya wa uwayensu ba. Idan kin gane muryar wata, ki tsaya ki kira ni.” Na ce to. A gidanmu ba wanda ya san irin aikin, sun dai san ina aikin kwamfuta.

A hira ta goma sha ɗaya na ji muryar Anti Rabi, matar yayana. Ko minti ɗaya ba a yi ba na gane ta, har da gurnanin ’yarsu Husna a bayanta. Husna shekararta tara. An sha wahala wajen haihuwarta, hannuwanta na karkarwa, ba ta tafiya sai jan jiki, maganarta uwarta kaɗai ke ganewa sosai. Me ya hana ni kashewa in kira Malama? Har yau ina tambayar kaina. Na gyara zama na ci gaba da saurare.

Wallahi ban san Anti Rabi ba sai ranar. Ta faɗi yadda ta naɗe cokali da tsumma ya yi kauri don Husna ta iya riƙewa. Yadda ta cire zariyar wandunanta ta sa roba. Yadda ta huda kujerar roba ta aza kan fo. Ta ce shekara biyu ta yi kafin yarinyar ta kai loma ɗaya bakinta da kanta. Takan ajiye mata tuwo a gaba, ta koma bayan ƙofa ta tsaya, Husna na kuka tana kiranta, ita ma tana kuka, amma ba ta fitowa sai yarinyar ta ɗauki cokalin. Malama ta tambaye ta ko dangin miji na taimakawa. Ta yi ’yar dariya ta ce, “Suna sonta daga nesa. Ƙanwa tai ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukar ɗiyag ga ba. In yawu ya zubo mata, sai ta janye mayahinta.”

Ni ce ƙanwar. Kuma gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ƙona ni. Na mayar da wurin baya na ji sau uku. Ni za a kai ƙarata wurin baƙuwa? Ni da nake saya wa Husna kayan sallah? Can gaba kuma, muryarta ta yi ƙasa, ta ce, “Malama, in hwaɗa miki gaskiya? Wata rana ina roƙon Allah Ya ɗauke ta kahin ni. Don in na rigaye ta, wa za ya wanke ta? Shi ya sa nike matsa mata ta koya.”

Na yanke wurare biyu, inda ta ce tana barin ta da tuwo tana kuka, da inda ta ce Allah Ya ɗauke ta. Na cire dalilin da ta bayar. Na sa wani tsohon layi da ba wanda ya sani, na tura wa Yaya. Na gaya wa kaina wai yarinyar nake karewa. Ƙarya ne. So nake ta ji zafin da na ji. Na ɗauka faɗa zai yi mata, kwana biyu ya wuce.

Ina gidan Innarmu a Gidan Igwai ya shigo da rana tsaka, idonsa ja, ya kunna wa Inna. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Aka kira Anti Rabi. Ta tsaya bakin ƙofa ta ji muryarta na fitowa daga wayar mijinta, ta ce, “Ni ce, amma ba haka maganar ta ƙare ba.” Yaya ya ce, “Kin hwaɗi ko ba ki hwaɗi ba?” Ta ce, “Na hwaɗi.” Ya ce, “Macen da ka roƙon mutuwar ɗiyata ba ta kwana gidana.” Saki ɗaya, a gabana. Ina zaune da kofin ruwa a hannu. Kalma ɗaya ta isa in tsayar da shi, ban buɗe baki ba.

Ta koma gidansu a Ƙofar Marke. Yaya ya hana ta Husna, ya kawo ta wurin Inna. Inna kuwa tausayi ne ya yi mata yawa. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke sa mata kaya, ta ce ba mai ƙara wahalar da jikarta. Satin farko Husna na miƙa hannu tana neman cokali, Inna na ture hannun tana cewa, “Bari, bari, ga ni nan.” Yanzu ta daina miƙawa. Buɗe baki kawai take yi. An mayar da ita kan kunzugu, ita da ta shekara tana jan jiki zuwa kujerarta. Ranar da ta ɓata jikinta a gaban baƙi, ta juya fuska bango har la’asar. Hankalinta garau yake, jama’a, tana sane da komai. Inna bayanta ya fara ciwo, yanzu ni ke ɗaga ta in kai ta wanka, tana kallona tana faɗin wata kalma da na san “Mama” ce.

Bai tsaya nan ba. Anti Rabi ta tabbata Malama Rifkatu ce ta fitar da muryar, don ita kaɗai ta gani riƙe da wayar da aka naɗi hirar. Ta je asibiti ta yi mata kuka a gaban mutane. Labari ya bazu cikin iyayen, da yawa suka ce a goge hirarsu, wasu suka daina kawo yaran gashin ƙashi gaba ɗaya. Har an fara cewa dama ba addininmu ɗaya ba, asirinmu ta zo kwasa. An dakatar da binciken, ana tuhumarta a wurin aiki. Ta kira ni ta ce, “Ko wani ya taɓa kwamfutarki?” Na ce a’a. Ta ce, “Na yarda da ke. Wayata nake zargi, na kai ta gyara kwanaki.” Ba ta san Anti Rabi matar yayana ce ba, sunanmu na ƙarshe ba ɗaya ba.

Shekaranjiya na kasa daurewa na hau keke napep na je Ƙofar Marke. Anti Rabi ta rame. Ba ta tambayi Yaya ba. Ta ce, “Tana ci da kanta?” Na ce eh. Ta ce, “Alhamdu lillahi, wahalata ba ta tahi banza ba.” Ta riƙe hannuna ta ce duk dangin mijinta ni kaɗai na tako, ta ce in yafe mata in ta taɓa yi mini mummunan zato. Sannan ta ce yayyenta sun yanke shawarar kai ƙarar Malama wurin shugabanninta don a kore ta. “Ke kika iya Turanci. Ki rubuta min takardar, ranar Litinin mu kai tare.”

Na ce to.

Cikakkiyar hirar na nan a kwamfutata. Idan Yaya ya ji ta daga farko zuwa ƙarshe, ina zaton zai mayar da matarsa, kuma saura bai kai sati uku ba iddarta ta cika. Amma zai tambaye ni inda na samo ta. Inna za ta iya yafe mini? Anti Rabi fa, da ta riƙe hannuna? Na yi tunanin in sake turawa ta ɓoyayyen layin nan, amma hakan zai ƙara tabbatar wa kowa cewa daga wurin Malama abin ke fita, ita ce za ta ƙara nutsewa.

Yau Asabar. Ban rubuta takardar ba, ban kuma ce ba zan rubuta ba. Don Allah ku gaya mini, wa zan fara tunkara a cikinsu, kuma da wane baki? Me zan yi?