K Marar Lanƙwasa

Yaya Madina,

Na tafi kasuwar Bodija, motar albasa ta iso, ban so in tashe ki ba.

Ashe kwana shida Inna ba ta sha maganin ƙashinta na asibiti ba. Wani mai kemis ya sayar mata da bitamin K, wai K ɗin na ƙashi ne, ya wadatar. Na duba kwalbar, na ce, "Inna, ƙashi da lanƙwasa ake rubutawa. Wannan babu lanƙwasa, kin ga kashi ke nan." Sai ta ce, "Tir! Miƙo na likita."

Yana cikin kwallar goro. Ki ba ta bayan azahar, ki tsaya ta haɗiye. Likita ya ce in ta sake faɗuwa, ƙugun ba zai ɗoru ba.

Kwalbar K ɗin na ajiye ta kusa da buta.

Manniru