Takobin Gidan Kuroiwa

Okayama,
14 ga Nuwamba, 1989.

Zuwa ga Yayata Fusae,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar nan da kika ambata ya yi sauƙi, ya ƙara miki ƙarfin jiki da tsawon kwana. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Uwargidana Tokiko ta shanya 'ya'yan itacen nan kaki a bakin rufi kamar yadda Inna ke yi, tana ta mitar wai bana tsuntsaye sun riga ta. 'Yarmu Chizuru ta samu aikin koyarwa a Kurashiki, takan zo duk ƙarshen mako. Baba yana cin abinci sosai, sai dai idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ma hazo-hazo yake gani. Gahawar da kika aiko daga Burazil ta iso. Ya ce ɗaci gare ta, amma kullum sai ya sha.

Yaya, akwai maganar da ta tokare mini ƙirji wata biyu ke nan, kuma duk garin nan ba wanda zan iya faɗa wa. Kin tuna Takeo Kuroiwa, abokin karatuna, ɗan matar nan da mijinta ya mutu a teku lokacin yaƙi, wadda Inna ke aiken ki kai mata dankali? Yanzu shi ne mai masana'antar miyar waken soya da ke bakin kogi, kuma ya zama mai tara takubba na gaske, yana da wajen talatin. Amma abin alfaharinsa shi ne na gidansu, wanda ke ɗauke da sunan maƙeri Narisada, wanda Baba ya rubuta wa takardar shaida shekara guda bayan yaƙi. Bana Takeo ya yanke shawarar ba gidan tarihin garinmu kyautarsa da sunan mahaifinsa. Har an sa rana, an buga katin gayyata. Masu gidan tarihin suka ce takardar ta tsufa, a sabunta. Takeo ya kawo mini takobin da kansa yana dariya, wai in daina ɓata fuska kamar mai binne gawa, in danna hatimi kawai mu je mu sha wani abu, tunda abin da uba ya gani ɗa ba zai ƙaryata ba.

Da ya tafi na shimfiɗa ƙyalle, na ciza takarda a baki don kada numfashina ya taɓa ƙarfen, na zare shi daga kube. Takobi ne mai kyau, Yaya, ba na musu. Amma tun daga zanen da wuta ke bari a bakin kaifi na fara shakka, don Narisada ba ya yin sa haka. Na fitar da 'yar ƙusar gora, na cire ƙotar, na duba gindin ƙarfen inda maƙeri ke sassaƙa sunansa. Sawun magagarin ya karkata ta inda bai kamata ba. Tsatsar da ke cikin haruffan kuma ba ta kai ta kewayensu tsufa ba. Wani ne ya ƙara sunan daga baya, wataƙila wani dillali shekara ɗari biyu da suka wuce, a jikin aikin wani maƙeri da ba wanda ya sani. Kwana uku ina maimaita dubawa da hasken safe, ina roƙon idona ya zama shi ne ya yi kuskure. Bai yi ba.

Kin ga inda na tsinci kaina: gaba kura, baya siyaki. In na danna hatimi, na yi ƙarya a kan abin da za a ajiye cikin gilashi, yara 'yan makaranta su zo suna karanta sunan. In na ƙi, masu gidan tarihi za su aika da shi wurin masana a Tokyo, su kuwa ba za su yi minti biyar ba za su gano, a ce Baba, tsoho Nagasue da ake zuwa wurinsa daga jihohi huɗu bai san sunan jabu ba. Ke kin sani, ban taɓa son wannan sana'a ba. Ke kika hau jirgin ruwa, ni aka zaunar da ni kan tabarma aka ce in koyi kallo. Shekara talatin na yi ina cewa mutane takubban kakanninsu ba na gaske ba ne, suna fita suna tsine mini, abin da ke riƙe ni kawai shi ne gidanmu ba ya sa hannu a kan ƙarya. Tokiko ta lura ba na cin abinci, ta ce ko dai na yi budurwa ne ta ƙi ni. Na yi dariyar yaƙe na bar ta.

Daga ƙarshe na kai wa Baba takobin, ran nan bayan karin kumallo, ina ta kame-kame kan yadda zan faɗa wa tsoho ya yi kuskure. Ya miƙo hannu, ya shafa gindin ƙarfen da babban yatsa sau ɗaya, ya ce in daina zagaye-zagaye, ai tun ranar farko ya sani. Ya ce a lokacin sojojin mamaya na tattara makamai, an jibge takubba a filin makaranta kamar itacen girki, wanda masana irinsa suka shaida cewa kayan tarihi ne a mayar wa mai shi, sauran a tafi da su. Mahaifiyar Takeo ta tsaya a bakin ƙofa tun safe har la'asar, riƙe da hannun yaron, ba ta roƙi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Ba a kawo mata gawar mijinta ba, ba a kawo mata ko maɓallin rigarsa ba. Ya ce ya dubi sunan, ya dube ta, ya rubuta. Na tambaye shi to ni yanzu yaya zan yi. Ya ce shi ba zai ce in yi ƙarya ba, ba kuma zai ce ya yi nadama ba. Hatimin yanzu a hannuna yake. Wallahi Yaya, da ya yi mini tsawa ya ba ni umarni, da ya fi mini sauƙi.

Mako guda ina juya maganar, sannan na rubuta gaskiya. Da na faɗa wa Baba, ya sa Tokiko ta fito masa da baƙar rigarsa mai tambarin gida, ya ce ba za a aiki ɗa ya biya laifin uba ba. Muka je tare, ina riƙe da hannunsa. A ɗakin baƙin Takeo, tsohon nan mai shekara saba'in da tara ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa a gaban yaron da ya taɓa goyawa a bayansa, ya faɗi komai bai rage ba. Can Takeo ya ce, kafin mahaifiyarsa ta rasu ta sa shi ya yi alkawarin ba zai taɓa kai takobin wurin kowa a duba ba sai gidan Nagasue. Shi duk zatonsa girmamawa ce. Ya ɗaga Baba da hannunsa biyu yana kiransa Kawu, kamar yadda yake yi muna yara. Ni kuwa ko kallona bai yi ba.

Ya fasa kyautar, ya gaya wa gidan tarihi wai dangi ne ba su yarda ba. Mu kuma ya roƙe mu kada kowa ya ji, don mutuncin mahaifiyarsa da na Baba, na kuwa ɗauki alkawari. To amma gari ya san takobin ya kwana a wurina kafin a fasa. Yanzu ana cewa hassada ce, wai na kushe kayan abokina don in saye shi da araha. A wurin aski na ji ana yi, da na shiga aka yi tsit. Mutum biyu sun zo sun karɓe takubban da suka ba ni dubawa. Kalma ɗaya za ta wanke ni, kuma ita ce ba ni da ikon faɗa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ban san yana nauyi haka ba. Abin da ya ƙara ɗaure ni, Takeo ya ƙi karɓar takobin, ya ce ba ya iya kallonsa tukuna, in riƙe masa. Ga shi nan a ɗakin aikina, shaida ga duk mai son ya ce na ci amana. Jiya na goge shi na shafa masa man kanumfari, don ƙarfe bai san an yi faɗa ba.

Ba wani abu nake nema ba, Yaya, sai dai ki rubuto wa Baba, ki ba shi labarin gonarku da jikoki, kada ki nuna kin sani. Tun da muka dawo ya rage magana. In kin gama karanta wannan, ki ƙona ta.

Ki gaishe mini da maigidanki Masaji, ki ce ya rage taba. Ki gaida Emiko da mijinta, da Helena 'yar auta, da ɗan jaririn da muka gani a hoto mai kunnuwan Baba. Tokiko da Chizuru suna gaishe ki ƙwarai. Baba bai san ina rubuto miki ba, amma ɗazu ya tambaye ni ko yanzu can wurinku zafi ake yi.

Ni ne ƙanenki,
Kuniaki Nagasue