Goggo Ta Toshe Tagogin Ɗakin Jego

Zuwa ga Malama,

Don Allah ki taimake ni, kwana shidda ke nan abinci ba ya shiga mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ɗiyata Riskuwa tana aure a Birnin Kebbi. Mijinta Kalilu ya gina ɗakin kwano mai tagogin katako, irin na zamani, aka yi masa daɓen siminti. Maginin, Elias, ya shayar da daɓen ruwa kwana bakwai, sannan ya ce a bar ƙofa da tagogi a buɗe wata guda kafin a shiga. Amma haihuwa ta zo, Kalilu kuma yana son a yi suna a sabon ɗaki tunda ya faɗo makon bikin mulkin kai. Aka shigar da Riskuwa daɓe yana da kwana goma, ga damina ba ta ɗauke ba.

Goggon Kalilu ce ke yi mata wankan jego. Ta taɓa ƙasa ta ji danshi, sai ta toshe tagogi da tsumma, ta sa kaskon garwashi biyu, wai su gasa maijego su busar da daɓe gaba ɗaya. Da na je, na tarar ruwa na ɗiga daga kwano, ƙasan tabarma ya yi baƙi, ɗaki na warin rumbun da ruwa ya shiga. Riskuwa kullum ciwon kai da jiri. Jaririn ba ya kuka, barci kawai, sai an tashe shi ya kama nono. Goggo ta ce yaro ne mai haƙuri. Akwai kaza da ke kwanci a bayan ƙofa, ran Talata aka fitar da ita matacciya.

Na buɗe taga ɗaya, Goggo ta rufe, ta ce so nake sanyi ya kashe musu ɗa. Ni ba zan iya tsayawa gaban surukina in yi masa magana ba. Na komo gida, amma ko sallama aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi. Ni ce ban san jego ba, ko kuwa?

Uwa mai zullumi, Argungu.

AMSA

'Yar'uwa, hankalinki bai yi ƙarya ba. Wannan barcin ba haƙuri ba ne. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da gubar da ba ta da wari, ba a ganinta. Ita ta kashe kazar, kuma jariri bai fi kaza ƙarfi da yawa ba.

Goggo ba mugunta take yi ba. A ɗakin ciyawa ta yi jegonta, inda hayaƙi ke fita ta jinka, danshi kuma ƙasa ta shanye. Kwano da siminti ba sa barin komai ya wuce. Gaskiyarta ce cewa danshi na cutar da maijego, sai dai iska ke fitar da shi. Wuta tsattsaga daɓen kawai za ta yi.

Kada ki jira kasuwa ta ci. Ki shiga motar farko. A fitar da kasko, a cire tsumma, a buɗe tagogin da ke fuskantar juna, a ɗauke tabarmi. A kai uwa da ɗa asibiti ranar, ki faɗa musu maganar garwashin.

Ba sai kin yi gardama da kowa ba. Maigidanki ko wani dattijo ya je wa Kalilu da roƙon a ba ku Riskuwa ta ƙarasa arba'in a gida, abin da al'ada ta sani ne. Ki gode wa Goggo, ki gayyace ta. In kwanan ya cika, daɓe ya bushe.

In sun ƙi, ki shimfiɗa tabarmarki a bakin ƙofar ɗakin jegon, ki tokare ta da jikinki don kada a rufe ta. Za a ce ba ki da kunya. A faɗa. Allah Ya ba Riskuwa lafiya, Ya raya jikanki.