Sunan da Za a Kira Mama da Shi

Santa Rita, bakin kogin Atrato, Yuni 1994

Zuwa ga yayana Evaristo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan ruwan sama ne kawai bai gaji da mu ba.

Yaya, a watan Agusta Mama za ta cika shekara da rasuwa. Za mu sake shirya teburinta, farin zane da kyandir da kofin ruwa, a yi waƙoƙin mamata, da asuba Inna Nicolasa mai addu'a ta kira sunanta ta sallame ta. Ka san ba a tuɓe baƙaƙen kayan makoki sai duk 'ya'yan mamaciya suna tsaye a gaban teburin. Mu biyu kaɗai ta haifa. In ba ka zo ba, haka zan ci gaba da yawo kamar hankaka, kuma na gaji.

Ba zan ɓoye maka ba, Inna Nicolasa za ta kira ta yadda ta kira ta ranar binnewa: Baƙa Chon. Ban manta yadda ka ɗauki hularka ka fice a tsakiyar addu'a ba, har yau mata na yi mini gori a wurin wanki. Ka zo, amma ka bar fushin a Bogotá.

Ƙanwarka,
Baudilia

Bogotá, Yuni 1994

Zuwa ga ƙanwata Baudilia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso ni a makaranta, na karanta ta a tsaye.

Zan zo bisa sharaɗi ɗaya: a kira mahaifiyarmu da sunan da aka yi mata baftisma da shi, María Asunción Palacios Mena. In ana son a ambaci asalinta, a ce 'yar asalin Afirka, yadda muke koya wa yara su faɗa yanzu.

Ke a gidan kaka kika tashi, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na girma a Medellín, a ɗan ɗakin bayan madafa na gidan su Arango, inda Mama ta yi aikatau. Uwar gidan ba ta taɓa kiran sunanta ba. Daga saman bene za ta ce, "Baƙa, ruwan wanka." "Baƙa, yarinyar ta yi kashi." Mama na durƙushe tana goge ƙasa za ta amsa, "Na'am, uwar ɗakina." Wata rana na tambaye ta me ya sa take amsawa, ta ɗauke ni da mari, sannan ta rungume ni tana kuka. In baƙi suka zo, sai a nuna ni a ce, "Ai wannan ba baƙi ba ne sosai, wankan tarwaɗa ne," wai an yi mini alheri.

Da wannan kalmar aka tsufar da ita. Ba zan tsaya ina ji a raka ta da ita wurin Allah ba.

Yayanki,
Evaristo Palacios

Santa Rita, Yuli 1994

Yaya,

Gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake.

'Yar asalin Afirka? Ba cinya ba, ƙafar baya. Na karanta wa Inna Nicolasa, ta yi dariya har tabar bakinta ta faɗi. Ta ce, "Ki ce wa malam, mamaci ba ya amsa sunan da bai saba ji ba. In na kira wancan dogon sunan, ai sai ta zaci limamin coci ke kiran wata."

Kai ka ji kalmar daga saman bene. Ni na ji ta a bakin Baba in Mama na gida, yana dawowa daga kamun kifi, tun daga tsakiyar kogi yake cewa, "Baƙata, ɗora tukunya." Da Mama ta dawo gida ta sayi kwale-kwalenta, da hannunta ta sa aka rubuta Baƙa Chon a jikinsa da jan fenti. Duk garin nan baƙaƙe ne mu, har da kai, duk da taye ɗin da kake ɗaurawa. Wane ne kai da za ka ƙwace mata sunan da ta zaɓa? Ni na yi jinyarta, ni na wanke ta, ba kai ba.

Wani abu kuma. Clemencia, 'yar gidan Arango da Mama ta raina tare da kai, ta ji labari, ta aiko cewa za ta zo. Na ce ta zo. Mama na sonta, hotonta na nan a akwatinta.

Baudilia

Santa Rita, Agusta 1994

Zuwa ga yayana Evaristo,

Ina gaishe ka. Ba ka ba ni amsa ba, na kuma san dalili. Ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yaga.

Clemencia ta iso shekaranjiya, tun kafin lokaci, wai tana so ta taya aiki. Ta sauko daga jirgin ruwa takalmanta a hannu, ta rungume ni tana kuka, kuma kukan gaskiya ne, Yaya, na san na ƙarya. Ta zo da furanni an naɗe su kamar babban gammo, irin na manyan birni, da faffaɗan ƙyalle an yi rubutu da ruwan zinare. Ta ce a rataye a saman teburin. Na ware ƙyallen a gaban mata. An rubuta: "Ga 'yar baƙarmu, daga iyalin Arango."

Ban san me ya same ni ba. Kalmar da nake ji tun ina goye ce, amma sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a gadon baya. Baƙarmu. Kamar akuyarsu ce ta mutu.

Na ce, "Baiwar Allah, me ya sa ba a sa sunanta ba?"

Ta ce, "Ai haka muke kiranta, don ƙauna. Ita ce uwata ta gaskiya, Baudilia."

Na ce, "Na yarda. To ya sunan uwar taki?"

Ta ce, "Chon mana."

Na ce, "Chon gutsuren suna ne. Sunanta nake tambaya, da na ubanta."

Ta dubi Inna Nicolasa, Inna ta ci gaba da fere agade kamar ba ta ji ba. Matar da Mama ta shayar, ta goya, ta kwana a gindin gadonta har ta yi aure, ba ta san sunanta ba. Fuskarta ta yi ja, ta ce a hankali, "Ba wanda ya taɓa faɗa mini." Na ce, "Ke ma ba ki taɓa tambaya ba."

Na cire ƙyallen na ajiye. Tun jiya take bin mutane tana roƙon a faɗa mata, ba wanda ya faɗa. Ni ma na ƙi, kuma ba na jin daɗin ƙin, don tana zaune a bakin kogi kamar marainiya.

Ban janye maganata ba. A bakinmu Baƙa Chon ce, da shi za a sallame ta. Amma na ga abin da ka gani, kuma ya yi mini ciwo. Ban san yadda zan yi da matar nan ba, ban san yadda zan yi da kai ba. Asabar ce ranar.

Ƙanwarka,
Baudilia

Bogotá, Agusta 1994

Baudilia, ƙanwata,

Ina gaishe ki. Mai kawo wannan zai riga ni da yini ɗaya, ina tafe a jirgin Juma'a.

Inna Nicolasa ta kira Mama yadda kogi ya san ta. Ba zan fita ba. Ban ce zan ji daɗi ba, amma zan tsaya.

Kada ki kori Clemencia, kada kuma ki bari wani ya faɗa mata. Nono ɗaya muka sha ni da ita. Ki zaunar da ita a gaba, kusa da teburin. Kafin a fara addu'a ni zan faɗa mata sunan da bakina, gaba ɗayansa, ita kuma ta maimaita a gaban mutane har sai ta iya.

Yayanki,
Evaristo