Geron da Muka Binne a Bayan Waya

Zuwa ga Yayana Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda suka ajiye ka. Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na sa ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Inna tana gaishe ka. Ƙafar ce dai har yanzu. Matarka Lami da yara lafiyarsu ƙalau, sai tambayarka.

Ka tuna lokacin da gwamnati ta ce za ta kafa sansanin soja a gonakin gabas da gari, wai don yaƙi da 'yan bindiga? Ba a tambayi kowa ba, sai ganin turaku da wayar shinge muka yi. A gaban dagaci ka miƙe ka ce, "Ranka ya daɗe, in an kare mu an hana mu noma, me za mu ci?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Samari suka ce a ƙona taya a titin Ɗanbatta, a rubuta kwalaye a tafi Kano. Ka yi musu dariya, ka ce mu ba mu iya ihu ba, shuka muka iya. Ka ce a yi binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, su ga ko za su iya hana shi fitowa.

Gari kuwa ya fito, har tsofaffi, muka shiga ta gefen da ba a gama rufewa ba. Kana gaba da sungumi kana sara, ina bayanka ina zuba iri ina rufewa da diddige, yadda muke yi tun Baba yana raye. Har ka juyo ka yi mini tsiyar da ka saba, wai ina zuba gero kamar mai ba kaji.

Da motocin sojoji suka iso na ji mutane na gudu, amma idona na ƙasa, ina bin ramukanka. Sai kawai na ga ramuka sun ƙare. Na ɗaga kai, ana tura ka cikin mota, hularka a ƙasa.

Yaya, babu ofishin da ban je ba. Ko'ina sai a ce ba su san da mai wannan suna ba. Duk Juma'a bayan masallaci nakan ɗauki sunguminka in je in tsaya a bakin waya. Da farko muna da yawa. Daga baya wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce kasuwa, yanzu ni kaɗai ne. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da iyali. Amma waɗanda muka yi shuka tare, yau in mun haɗu gaisuwar tsaye suke yi mini su wuce, kuma hakan yana yi mini ciwo.

Bana ƙwadago na yi a gonakin mutane. Bayan wani na bi ina zuba iri, takunsa gajere, ni kuma ƙafata ta saba da naka, sai in riƙa tsallake rami. Kaɗaici ya dame ni, Yaya. In na dawo da yamma babu wanda zan yi musu da shi a zaure.

Juma'ar da ta wuce wani soja ya taso kamar zai kore ni. Hausarsa a karye take, ka ji ɗan nesa ne shi ma. Ya rage murya ya ce ko ni ne ƙanin dogon nan mai wushirya. Ya ce ya yi gadi a inda kake, ba zai iya faɗin wurin ba, amma kana raye. Wai da ka ji za a dawo da shi wajenmu, ka roƙe shi ya duba maka ko geron ya fito.

Ya fito, Yaya. Duk filin ya yi kore, ya kai gwiwa. Ba zan ɓoye maka ba, bai samu noma ba, ciyawa ta fara cin ƙarfinsa, ina kallo ta cikin waya ba ni da ikon kai hannu. Layinmu ma ya fito, ya tsaya a tsakiyar gona, inda ramukanka suka ƙare.

Wato duk watannin nan da nake yawon nemanka, da ka samu ɗan aike gero ka tambaya, ba ka tambayi Habu ba. Na ji haushinka, na yi dariya, sannan na zauna a gindin turke na yi kuka, sojan yana tsaye ya juya mini baya.

Allah Ya tsare ka, Ya sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da kai, Ya dawo mana da kai Inna tana da rai. Amin.

Naka ƙani,
Habu