Tafintan Surukina

Buza, daren Talata, bayan girbi.

Barci ya ƙi zuwa. Yau na raka Baba Alu, uban matata Hadiza, wurin likita, don ni ke jin Faransanci. Ni da ko hura ban taɓa sha gabanshi ba, ga ni ina tambayar surukina yadda bayan gidanshi ke fita! Kaina duƙe, shi kuma yana ba bango amsa. Ashe shekara da shekaru yana ganin jini, yana ta shan jiƙon sabara, wai tsutsar ruwan tabki ce.

Lokotoro, likitan ke nan, ya lallatsa cikin Baba, ya cire gilashinshi, ya ce mani tsutsar da ta daɗe tana cin hanji wataƙila takan buɗe ma ciwon daji hanya. Bai tabbatar ba, amma ya ce a kai Baba asibitin garin Tawa.

Baba ya ce, "Mi yac ce, Malam?"

Na ce, "Tsutsa ce, Baba."

Sai da munka hau amalanke ya yi magana, bai dube ni ba. "Tsutsa ba ta sa lokotoro cire gilashi. Kar ka gaya ma matarka sai ta haihu."

Ga ta can ɗaki, ta ƙi kashe fitila, tana jira in shigo.