Lemun Tsamin Bakin Rijiya

Assalamu alaikum Yaya Sanusi,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya zafin Agadas, ya Anti Rabi da yara? Inna lafiya lau, sai dai ƙafar nan.

Maginin da ka turo daga Magama ya zo daɓe tsakar gida. Ya ce bishiyar lemun tsamin nan ta tare wuri, a sare ta. Na ja shi gefe na ce, "Malam, ba mu hana ka ba, amma akwai mutanen ɓoye a kanta." Yaya, da ka ga yadda ya aje gatari!

Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Tun rasuwar Baba bishiyar take bushewa, sai kwanan nan na gane ashe ruwan alwalarshi take sha, sau biyar a rana. Yanzu ni ke alwala a gindinta, har Inna na mamakin na daina makarar sallah. Bishiyar kuwa ta fara toho.

Kai ne babba, in ka ce a sare, ba ni da ta cewa. Ni dai ina roƙo a bar ta.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Habu